Hannu Mai Lalle a Kan Uwar Maƙera

Shafi na 23

Jama'ar gidan nan, sannunku da haƙuri. Rezon waya ne ya yi mini tsiya, ba yanga nake muku ba. Masu cewa in kashe Baba Hashimu da hatsarin moto kuma, ku ji tsoron Allah, mutum da iyalinsa! Ku bari ku ji ta bakinsa tukuna.

Ga baƙinmu da suka shigo yau: Lailatu 'yar maƙeran azurfa ce a Gure. Sarƙa da 'yan kunne take haɗawa da azurfa da ƙodagon goriba, ta goge ƙodagon har ya yi fari tas. Wata mai shirya defile, wato bikin nunin kayan ado, a Yamai ta nemi hotunan talla, Aisami ɗan kawunta, mai ɗaukar hoto, ya ɗauka ya watsa. To a zuriyarsu mace ba ta zama gaban uwar maƙera, ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai a buga. Gari duk sun ɗauka zane kawai take yi, tana aika wa maƙeran Damagaram su ƙera mata. Sai ga hoton ƙarshe ya fita.

*

"Goge shi, Aisami!"

"Na goge, wallahi na goge."

"To me ya sa har yanzu ake turo mini shi?"

Aisami ya sosa ƙeya. Yana tsaye a bakin rumfar ƙira da kyamara rataye a wuya, sai ka ce wanda aka kama a gonar mutane.

"Ya riga ya zaga, 'yar gwaggo. Kowa ya ɗora a sitatin wayarsa. Matar nan ta Yamai ma cewa ta yi shi za ta buga a babban afish na talla, wai duk ya fi sauran rai."

"Rai? Raina zai fitar dai!"

Lailatu ta sake kallon wayar. Kyau kam hoton ya yi kyau, wannan ba ta musu. Sauran hotunan a kan tudun rairayi aka ɗauke su da hantsi: sarƙa a rataye jikin reshen dabino, 'yan kunne a kwance kan farar kanwa, wuyan ƙawarta A'isha ta baya, kitso kawai da azurfa. Ba fuskar kowa, haka suka shirya tun farko don kada wani gida ya yi magana. Na ƙarshen kuwa hannu ne mai lalle riƙe da masaba, gudumar ƙira, hasken rana ya ratso ta tsagar rumfa ya sauka daidai kan ƙarfen.

"Ni fa ban gane laifina ba," in ji Aisami. "Fuskarki ta fito? Ba ta fito ba. Matan da ke da lalle a ƙasar nan ai ba su ƙirguwa."

"Dolo! Ka ɓoye tawa fuskar ka bar tata a waje."

"Fuskar wa?"

Ta nuna uwar maƙerar da ke kafe cikin kututturen gawo. A kafaɗarta ta dama akwai wata ɓantara, tun zamanin kakan kakanta.

"Ka ga wannan? Duk maƙerin da ke tsakanin Gidigir da Bune, ko daga barci ka tashe shi ka nuna masa, zai ce maka ta gidan Idirisa ce. Kuma kowa ya san Babana bai bar ɗa namiji ba."

Aisami ya saki baki.

"La ilaha illallahu. Mu a Bune raƙumi muke ganewa da tabo. Wa ya san ƙarfe ma yana da kamanni?"

Da wata rana ce da ta yi dariya. Yau kam ba ta yi ba. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Duk abin da ta zama a kan ƙarfen nan ta zama shi. In aka ɗauke shi babu defile, babu Yamai, sai dai ta koma zane a takarda tana kallo.

A tsakar gida mahaifiyarta, Inna Balkisu, tana daka gero abinta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Kullum haka take. Su biyu ne kacal a gidan, amma Inna ba ta rabo da turmi. Lailatu kan faki lokacin dakan nan ta lallaɓa rumfa ta yi bugunta, ƙarar taɓarya ta rufe ƙarar masaba. Inna ba ta taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Dama magana ba ta cika haɗa su ba. 'Yar fari ce, ko sunanta Inna ba ta kamawa, daga "ke" sai "'yar nan".

Sai suka ji ƙarar ƙafar sharet, amalanken nan na shanu, a ƙofar gida, da hucin san da ke jan ta.

"Salamu alaikum!"

Lailatu ta yi maza ta kife wayar.

Baba Hashimu ne, ƙanen mahaifinta. Ya shigo da igiya a naɗe a kafaɗa da ƙarfen haƙa a hannu. Mai sharet ya tsaya a waje.

"Baba, ina kwana."

Ya wuce ta. Aisami ya fara jan jiki zuwa zaure.

"Kai mai hoto, tsaya nan. Ai kai ne ka tallata mu."

Aisami ya daskare a wurin.

Baba Hashimu ya zaro waya daga aljihu ya ɗaga ta sama.

"Hannun wa ne wannan?"

Lailatu ta sunkuyar da kai.

"Ba da ke nake ba?"

"Nawa ne, Baba."

"Naki ne! Ko kunyar yi mini ƙarya ba ki ji ba, kai tsaye naki ne!"

Ni dai a nan na rasa gane Baba Hashimu, da ta yi ƙaryar ma ai faɗan zai yi.

"Jiya na shiga kasuwa," ya ci gaba, "layin maƙera kaf suka tashi mini. Wani ya ce, Hashimu, yaushe za a sa maka lalle kai ma? Wani ya ce in ba ni da aiki in zo in riƙe miki madubi. Ni! Da furfurata!"

"Baba, ka yi haƙuri, ba don in kunyata ka..."

"Da Yaya ya rasu na bar ƙarfen nan a gidan nan saboda darajar uwarki. Na ce a rufe shi, kada kowa ya taɓa. Haka na ce ko ba haka na ce ba?"

"Haka ka ce."

"To amana ta ƙare. Yau zai kwana a gidana."

Ya nufi rumfar. Lailatu ba ta san lokacin da ta sha gabansa ta durƙusa ba.

"Baba, don Allah don Annabi. Ka duba aikin kafin ka yanke hukunci. Ka duba kawai." Ta ciro sarƙar da ke wuyanta ta miƙa masa da hannu biyu. "In ka ga aibi ko guda, ni da kaina zan taya ka ɗora ta a sharet."

Bai yi niyyar kallo ba, amma idon maƙeri ba ya ganin azurfa ya wuce. Ya karɓa. Ya murza mahaɗar da babban yatsa, ya juya ƙodagon da aka yi wa baki da azurfa, ya kai kusa da ido. Fuskarsa ta ɗan saki, sai kuma ya yi maza ya tamke ta.

"Ba maganar kyau ake ba. Ko mala'iku suka riƙe miki hannu, mace ba ta zama a nan. Ba a taɓa yi ba a gidanmu."

Taɓarya ta tsaya.

Duk suka waiwaya.

"Hashimu."

Inna ce. Ta jingine taɓaryar a jikin turmi, ta karkaɗe hannu, ta tako a hankali.

"Maimaita abin da ka ce."

"Yaya Balkisu, wannan ba maganarki ba ce. Maganar maza ce."

"Na ji. Maimaita dai. Ba a taɓa yin me ba?"

Baba Hashimu ya kawar da kai.

"Kalle ni mana. Da kana cin ƙanzon tuwona ai ba ka kawar da kai."

"Yaya Balkisu, akwai yara a nan."

"Yaran nake so su ji."

Ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu. Tabbai ne birjik a damtsenta, ƙanana, farare, kamar an yayyafa mata tsaba. Lailatu ta san su tun tana goye.

"Ke, me na ce miki ya yi mini wannan?"

"Man suya, Inna. Kin ce lokacin da kike ƙosai."

"Kin taɓa ganin na soya ƙosai?"

Lailatu ta girgiza kai. Gaskiya ba ta taɓa gani ba.

"Tartsatsin azurfa ne."

"Yaya Balkisu!" Baba Hashimu ya daka tsawa, amma tsawar ba ta da ƙarfi.

"Kina ƙarama hannun babanki ya fara rawa," Inna ta ci gaba, idonta a kan 'yarta. "Da farko kaɗan-kaɗan. Daga baya ko kofin shayi ba ya kaiwa baki sai ya zube. Ga aikin mutane a hannu, ga bikin 'ya'yansu ya matso. Maƙeri in aka ji hannunsa ya mutu, shi ma ya mutu ke nan, ko da yana yawo. Ya zauna nan, nan wurin, yana kuka kamar yaro. Na ce masa nuna mini."

"Inna..."

"Ni Bamangiya ce, ba 'yar maƙera ba, a gidanmu ko wuƙa ba mu wasawa da kanmu. Amma na koya. Yana zaune a bayana yana faɗa, ina bugawa. A sauke asabari, a rufe zaure. Masu wucewa su ji ƙara su ce, kai, Idirisa sai ƙara gwaninta yake."

Aisami ya dafe kai da hannu biyu.

"Gwaggo! Ke?"

"Rufe mini baki, sarkin tona asiri."

Ta juya ga Baba Hashimu.

"Azurfa kuma ba ta narkewa da addu'a, sai an zuga wuta. Wa yake zuga mini, Hashimu?"

Igiyar da ke kafaɗarsa ta zame ta faɗi ƙasa. Bai ɗauka ba.

"Wa yake riƙe zugazugi yana ce mini, sannu matar Yaya, Allah ya biya ki? Awarwaron da ka kai wa matarka Zaliha na aure, wanda har yau take tutiya da shi a gidan biki tana cewa aikin Idirisa ne, wa ya buga shi?"

"Ke ce," ya faɗa, da ƙyar aka ji.

Lailatu ta zame ta zauna dirshan a ƙasa. Shekara da shekaru tana kwaikwayon ayyukan Babanta na ƙarshe, tana cewa ba wanda zai kamo hannunsa. Ashe hannun yana gabanta kullum, yana tuƙa mata tuwo.

"Inna... to dakan nan fa? Dakan da kike yi kullum?"

Inna ta harare ta.

"Mu biyu za mu cinye geron da nake dakawa? Maƙwabta sun gaji da karɓar gari kyauta. A da ina bugu don a ji a ce shi ne. Ke kuma ina daka don kada a ji. Kafaɗata ta gaji, 'yar nan."

Nan kukan Lailatu ya ƙwace. Ni ma da nake rubutawa sai da na ajiye waya na share ido, ba zan ɓoye muku ba.

Baba Hashimu ya zauna a kan wani tsohon turmi da aka kife. Lokaci guda ya koma tsoho.

"Kin ɗauka mugunta ce, Yaya Balkisu? Tun da na ga hoton nan ban runtsa ba. Yau sun ce 'ya tana bugu. Gobe za su ce wa ya koya mata. Jibi su fara lissafin baya, su tuna hannun Yaya yana rawa a masallaci. Mutumin da ake sa wa yara albarka a ce Allah ya ba ka hannun Idirisa, a wayi gari ana dariyarsa a kabari? Sunansa nake karewa. Shi ya raine ni."

"Na sani," in ji Inna, muryarta ta sauko. "Ni ma sunansa na kare har na tsufa. Amma shi ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Wannan tana raye. Ba zan binne ta don in rufe shi ba."

"Maƙera ba za su yarda ba. In ban ɗauka ba, Sarkin Maƙera zai aiko a ɗauka, abin ya fi haka muni."

Ya tashi da nauyin jiki, ya sunkuya ya ɗauki igiyar.

Inna ta dube shi, ta dubi ƙarfen.

"To. Tunda ɗauka za ka yi, bari in yi mata sallama."

Kafin kowa ya ce wani abu ta shige rumfar, ta gyara zani, ta zauna a kan fatar da mijinta yake zama. Ta ɗauki sandar azurfar da Lailatu ta gasa da safe, ta kama ta da awartaki. Ta auna masabar a hannu kamar mai gaisawa da tsohuwar ƙawa.

Sai ta buga.

Ba a sauke asabari ba. Ba a rufe zaure ba.

Wani irin bugu ne mai daɗin ji. Ta buga aikin, sai ta saki masabar ta yi ɗan tsalle a gefen ƙarfe, ta dawo. Azurfar tana miƙewa tana lanƙwasa kamar ƙullu. Tsigar jikin Lailatu ta tashi. Wannan ƙarar ce take sa ta barci tana yarinya.

Baba Hashimu ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi.

Aisami ya ɗaga kyamara a hankali, ya tuna abin da ya jawo, ya sauke.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarar sanda ce a zaure.

"Wa ya tado mini Idirisa?"

Masabar ta tsaya a sama.

Tsoho Garbai ne, Sarkin Maƙeran garin. Katanga ɗaya ta raba gidansa da nasu. Idonsa ya daɗe da rufewa, amma kunnensa, in allura ta faɗi a rairayi sai ya faɗa maka ta wace ce. Ya shigo yana lalube da sanda, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Baba Hashimu ya zube.

"Ranka ya daɗe."

"Hashimu ne? Ba kai ba ne ka yi bugun nan. Kai bugunka kamar mai fasa itace." Ya juya kunne wajen rumfa. "Na san hannun nan. Ina zaune a bayan katangar can nake saurarensa, ina gaya wa yarana su buɗe kunne su koya. Da aka kai Idirisa makwancinsa na ce shi ke nan, ba zan ƙara ji ba. Wane ne? Miƙo mini hannun."

Ba wanda ya motsa.

"Na ce a miƙo mini."

Inna ta ajiye masabar. Ta taso, ta durƙusa a gabansa, ta miƙa.

Tsohon ya kama. Ya shafa tafin, ya shafa yatsun. Ya hau zuwa wuyan hannu, yatsunsa suka ci karo da awarwaro. Ya tsaya. Ya wuce zuwa damtse, yana bin tabban ɗaya bayan ɗaya.

Lailatu ta zuba musu ido.

"Balkisu," ya ce.

"Na'am, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ya rasu da daɗewa."

"Munduwar da na kai wa baƙin Agadas, na ce su je su nuna wa nasu maƙeran yadda ake aiki a Gure?"

"Ni ce, Baba. Ka gafarce mu."

Ya saki hannun. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Baba Hashimu ya ɗago a tsorace, ya ɗauka fushi ne. Ashe dariya tsohon yake, har da hawaye.

"Kai, Idirisa! Kai, ɗan banzan yaro! Ka sa na yi ta yabon mace a gaban maƙera ina bugun ƙirji!" Ya share ido da gefen rawani. "Allah ya ji ƙanka. Ka iya zaɓen hannu."

"Ranka ya daɗe," Baba Hashimu ya fara, "al'adar gidanmu..."

"Ni zan koya maka al'ada ko kai za ka koya mini? Je ka sallami mai sharet, san nasa yana ta yi mini kashi a ƙofar gida."

Aisami ya ƙyalƙyale da dariya, Inna ta watsa masa harara ya haɗiye sauran.

Lailatu ta rarrafo.

"Baba Sarki, na gode, Allah ya..."

"Wa ke magana? 'Yar Idirisa ce, mai hoto a Yamai?"

"Ni ce."

"Kada ki yi saurin godiya. Ban ce na bar miki ƙarfe ba. Na ce dai yau ba zai hau sharet ba." Ya lalubi turmin da aka kife ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sandarsa. "Hannun uwarki na sani, na kuma shaida. Naki ban sani ba. Na daɗe ina jin wani abu yana ƙyas-ƙyas a gidan nan, duk lokacin da na kasa kunne sai wannan baiwar Allah ta kama daka kamar mai aurar da gari. Ƙarfen nan ba a gadonsa da hoto. In hannunki ya cancanta, ni zan tsaya gaban maƙera in faɗa da bakina. In bai cancanta ba, ni zan sa a ɗauke shi, ko uwarki ta yi birgima."

Ya nuna rumfar da sanda.

"Zauna. Buga in ji."

Lailatu ta miƙe. Ta shiga ta zauna a kan fatar, da sauran ɗumin jikin Inna a kanta. Ta ɗauki masabar. Lallen hannunta ya jiƙe da gumi. Ba ta taɓa bugu wani yana ji ba, ko sau ɗaya.

Baba Hashimu ya dawo daga waje ya tsaya a bakin rumfa. Sai ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna a bayan zugazugi ba tare da ya kalli kowa ba.

"Azurfar ta yi tauri," ya ce cikin gunaguni. "Sai an ƙara mata wuta."

Wuta ta tashi. Lailatu ta gasa sandar, ta tsoma a ruwa, ta ɗora a kan ƙarfen daidai gefen ɓantarar nan.

Ta waiwaya tana neman Inna. Inna tana bakin turmi, hannunta ya riga ya kai kan taɓarya, sabo ya ja ta. Suka haɗa ido. Inna ta dubi taɓaryar, ta ɗauke ta, ta kwantar da ita a ƙasa.

"Kai, Aisami, wannan karon ka ɗauka har da fuska."

Sannan ta dubi 'yarta.

"Buga, Lailatu."

Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba.

Ta gyara zama.

Ta ɗaga masabar ta sauke.

Ƙarar ta fita tsaf, ta haye katanga. A gidajen maƙwabta taɓare suka riƙa tsayawa.

Tsoho Garbai ya karkata kai, ya matso da kunnensa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Ƙara bugawa," ya ce.